Akwatin da Matsugoro Ya Rufe

Kushiro, 3 ga Satumba

Yaya Rinzo,

Gaisuwa mai yawa daga nan arewa. Ina fata zafin bana bai wahalar da kai ba. Mu nan har mun fara fito da barguna. Ni ce Ikuyo, 'yar Inna Tomeno, in ka manta. Rabona da kai tun ranar da aka ƙone gawar Baba, kuma ko ranar ba ka tsaya cin abinci ba. An ce ba ka jin magana a tarho, shi ya sa na rubuto.

Maigidana lafiya lau, yana nan yana fama da kifi a tashar jiragen ruwa. Inna ce ba lafiya. Likita ya ce zuciyarta ta gaji, da wuya ta ga ƙanƙarar bana.

Akwatin da ya zo maka tare da wannan takarda ka san shi. Shi ne baƙin nan da ke wurin turaren magabata a tsohon gidanmu na Hatajuku, wanda aka hana mu taɓawa. Busasshiyar cibiyar haihuwar yayana Shinkichi ce a ciki, wanda zazzaɓi ya ɗauke yana ɗan shekara uku, tun ba a haife ni ba. Inna ta ce bayan rasuwarsa kullum sai ta ɗauko cibiyar ta zauna tana kallo, shinkafa na ƙonewa a murhu. Sai Baba ya ƙera wannan akwati ya kulle ta ciki, ya ce, "Ranar da kike bukata zai buɗe." Ya tafi bai nuna wa kowa yadda ake buɗewa ba.

Ka san uwa ba ta shiga akwatin gawa sai da cibiyar ɗanta a hannu, da ita za ta neme shi a can. Na ce mata a sa akwatin gaba ɗaya a ƙone tare da ita. Ta ce, "Don in je can ma in ci gaba da roƙon tsohon nan mai taurin kai ya buɗe mini? A tafin hannuna nake so." Na ce a sa zarto. Ta ce cibiyar ta bushe kamar ganyen shayi, girgizar zarto gari za ta mai da ita.

An ce yanzu babu kamarka a wannan sana'a. Don girman zumunci ka buɗe, ka aiko mana da wuri.

Ƙanwarka,
Ikuyo

*

Hatajuku, 10 ga Satumba

Ikuyo,

Takardarki ta iso tare da kayan. Lafiyata ƙalau, har yau ban san ƙofar asibiti ba. Kunnen hagu ne kawai ƙarar injin zarto ta cinye, kuma ban yi asara ba, yawancin abin da mutane ke faɗa bai cancanci kunne biyu ba. Ki gaishe da Inna, ki ce na ce ta ci abinci.

Kin ce "an ce" babu kamata. Ba "an ce" ba ne. Ki tambayi masu shaguna daga Yumoto har Odawara wane ne suke jira wata da watanni kafin ya ba su kaya. Kuma ba wanda ya koya mini. Ke ƙarama ce, ba za ki tuna ba. Babbar girgizar ƙasa ta zubo dutse a kan uwata Yone ina jariri, aka yi ta yawo da ni gida-gida kamar tukunyar aro, har na ƙare a gidanku don ita da Inna kakarsu ɗaya. Da na bar sakandare ban gama ba, na durƙusa gaban mahaifinki Matsugoro na ce ya koya mini. Ya kama hannuna ya jujjuya kamar mai tayin kifi, ya ce, "Hannun nan ya cika gaggawa. Je ka yi dako." Na kuwa yi dakon. Na riƙa sayen akwatunan wasu ina farfasawa ina duba cikinsu, har na iya. Yau ga akwatinsa a kan teburina yana jiran mai gaggawa. Duniya ke nan.

Amma zan faɗi gaskiya, tsohon ya yi aiki. Kin san akwatinmu ba kwaɗo ba mabuɗi. Wannan gefe ya gusa ya ba na kusa da shi hanya, shi ma ya gusa ya ba wani, a haka har marfi ya zame. Dole a sami na farko mai ɗan sassauci, zanen katakon da muke mannawa a kai shi ke ɓoye shi. To na bi wannan da babban yatsa lungu-lungu ban sami mai sassauci ba tukuna. Na ce tukuna.

Abin da ban so ba shi ne itacen. Da irin wanda ake tonowa daga ƙarƙashin ƙasa ya yi shi, wanda zaftarewar dutse ta binne tun zamanin da ba wanda ya sani, ya yi baƙi ƙirin ba tare da fenti ba. Mu ɗan siriri muke yanka don layin zane. Shi kuwa akwatin duka ya yi da shi, ciki da waje. Ba a yin haka. Itacen da ya daɗe a binne ba ya jin magana.

Akwai wani tsoho Kamezo da ke fere mini zane, bakinsa ya fi wuƙarsa kaifi. Jiya ya leƙo ya ce, "Maigida, kwana da kwanaki kana shafa shi. Ko budurwa ce ai da ta tanka."

Na ce, "Kai da mata biyu suka gudu suka bar ka, me ka sani game da lallashi?"

Ya ce, "Na san lokacin da ba a so na. Miƙo in gani."

Ya ɗauka yana dariya, ya kai kunne. Sai dariyar ta tsaya. Ya ce, "Kusa da wuta ka ajiye shi?" Na ce wace wuta a Satumba? Ya ajiye a hankali, ya fita bayan shago, na hango shi yana yayyafa gishiri a kafaɗunsa kamar wanda ya dawo daga jana'iza. Tsufa bai yi ba. Ɗumin hannuna ne, tunda yini nake riƙe da shi.

Ki ba ni 'yan kwanaki.

Rinzo

*

Hatajuku, 24 ga Satumba

Ikuyo,

Ina fata kuna lafiya, sanyi bai matsa muku ba. Mu nan hazo ne kullum, gam ya ƙi bushewa.

Ki yi wa Inna albishir, akwatin ya fara ba da hanya. Gefe uku sun gusa.

Ni ba mai cin yabon da ba nawa ba ne, don haka ga yadda aka yi. Ranar hutun girmama tsofaffi na fita cin taliya da tsakar rana, na dawo na tarar gefen dama ya gusa kamar faɗin farce. Kamezo ya rantse da kabarin uwarsa bai taɓa ba, kuma na yarda, don yanzu ko ta gefen teburin ba ya bi. Na biyun ranar Lahadin da ta biyo baya. Na ukun jiya, ranar ziyarar kaburbura, ina can ina wanke dutsen kabarin mahaifina.

Ba abin mamaki ba ne. Akwatin ya yi shekara da shekaru a ɗakin da ake hura murhu, ya zo nan ya sha danshin garin da aka haife shi, itace kuwa numfashi yake yi. Sanin inda za a ajiye shi da lokacin da za a ƙyale shi, wannan ma ilimi ne, ba kowa ke da shi ba. Abu ɗaya ne kawai: tsakanin motsi da motsi, ko na danna da ƙarfina ba ya gaba, ba ya baya.

Rinzo

*

Kushiro, 1 ga Oktoba

Yaya Rinzo,

Mun gode, mun gode. Ashe girma ya koya maka sauƙin kai, ka yi aiki ka ce hazo ne ya yi! Na karanta wa Inna, ta yi dariya har da tari, ta ce, "Hazo, in ji shi."

Mu dai lafiya. Ita ce jikin ke ta ja baya. Ranar hutun tsofaffi maƙwabta sun kawo mata shinkafa da jan wake, ta miƙe ta karɓa da tsakar rana, sai ƙafafun suka ƙi. Ba ta sake tsayawa ba. Ranar Lahadi hannun hagu ya saki, ba ya riƙe kwano. Ranar ziyarar kaburbura kuwa ta ce wa ya rufe tagar dama, alhali taga a buɗe take. Idon ne ya tafi.

Amma ba ta jin zafi ko kaɗan. Kamar mai kewaya gida tana kashe fitila ɗaki-ɗaki kafin ta kwanta. Hankalinta kwance, tana cewa a goge mata farar rigar tafiya, wadda za a sa wa gawarta.

Don haka ka hanzarta, Yaya. Saura nawa?

Ikuyo

*

Hatajuku, 6 ga Oktoba

Ikuyo,

Ina lafiya. Na dakatar da aikin akwatin. Kada ki tambaye ni dalili, kuma kada ki ce in dawo da shi. Yaya jikin Inna daga jiya zuwa yau? Wani abu ya ƙara tafiya? Ki faɗa mini gaskiya.

Rinzo

*

Kushiro, 2 ga Nuwamba

Rinzo,

Ba zan tambayi lafiyarka ba, na san kana lafiya, irinku ba sa ciwo. Wannan ce takarda ta huɗu tun ɗan guntun katin da ka aiko. Ko amsa ɗaya.

Na gane. Tun takardarka ta farko ya kamata in gane, da ka cika ta da zancen dako da hannu mai gaggawa. Baba ya wulaƙanta ka, yanzu ka sami ranar ramuwa. To Baba ya zama toka, bai san kana yi ba. Wadda kake wa ita ce matar da ke tura maka ƙanzon shinkafa ta ƙarƙashin tebur in ya juya baya. Ko ka manta ita ce ta ɗinke maka rigar makaranta da tsohuwar rigarta?

Ka ce in faɗa maka gaskiya, ga ta. Babu abin da ya ƙara tafiya. Tun farkon Oktoba ba gaba ba baya, likita ya ce bai taɓa ganin irinsa ba. Amma kwanciyar hankalin nan ta ƙare. Numfashi take ja kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Ba ta barci, ba ta ci, ba ta tafi ba. Tana cewa ƙirjinta, ƙirjinta, a sassauta mata. Na kwance mata ɗamara, na cire bargo, ta ce ba shi ba. Shekaranjiya ina goge mata jiki na ga wasu layuka ja sun kewaye haƙarƙarinta, a jere, kamar an naɗe ta da wani abu. Maigidana ya ce shimfiɗa ce. Wace shimfiɗa ce ke kewaye mutum?

Yau da hantsi ta kama hannuna da hannun da ya rage, muryarta garau kamar ta da, ta ce, "Rubuta wa ɗan Yone. Ki ce na gode, na san don ni ya yi. Amma ya kwance."

Na ce, "Inna, ya kwance me?"

Ta ce, "Ya sani."

Ni ban sani ba, kuma na gaji. In ba za ka buɗe ba ka aiko mana abinmu, in sa zarto da hannuna.

Ikuyo

*

Saƙon wayar tangaraho daga Odawara, 6 ga Nuwamba

NA KWANCE. INA TAFE DA SHI. RINZO

*

Hatajuku, 4 ga Disamba

Ƙanwata Ikuyo,

Bayan gaisuwa da ƙarin ta'aziyya. Ina fata kin fara samun barci, kuma tarin maigidanki ya yi sauƙi. Na iso gida lafiya. Kifin da kika ƙunsa mini Kamezo ya cinye rabi, ya ce ladan gadin shago ne.

A wurin makoki kin tambaye ni sau biyu abin da Inna ta ce in kwance, ban amsa ba. Ni ba gwanin magana a cikin mutane ba ne. Ga amsar.

Ranar da takardarki ta farkon Oktoba ta zo, a tsaye na karanta, rana tsaka, ƙofar shago a buɗe, motoci na wucewa. Hutun tsofaffi, Lahadi, ziyarar kaburbura. Ban yi karatu mai zurfi ba, amma ba a bukatar jami'a kafin a ɗora wannan a kan wancan. Ina riƙe da takardar sai na ji ƙas, da kunnen da ba ya ji, kamar gwiwar tsoho in zai miƙe. Na duba. Gefe na huɗu yana tafiya a gabana, sannu-sannu, ba hannun kowa a kai.

Na danne shi da tafin hannu. Ya ci gaba da turo ni. Ikuyo, na ɗauki buhunan gawayi a dutsen nan shekaru, ban taɓa jin abin da ya fi ƙarfina kamar ɗan katakon nan ba. Sai na jawo igiyar audugar da muke ɗaure sanduna da ita in mun manna su, na naɗe shi tam, na ƙara naɗewa, na sa ƙarfen matsi a kai. Ya tsaya.

Kamezo ya ce, "Maigida, me kake yi?"

Na ce, "Aikina."

Ya ce, "Aikinka buɗewa ne. Wannan aikin wani ne, kuma ba ya son a taya shi."

Na ce ya kama bakinsa. Daga ranar a waje yake cin abincinsa, ko ana ruwa. Igiyar kuwa yini take ƙara, ƙiii, ƙiii, kamar ta jirgi a bakin tasha. In ta saki in ƙara wata. Takardunki suna zuwa ina karantawa, in ga ba abin da ya ƙara tafiya, in ce na yi nasara. Na ce Matsugoro ya ƙera ranar mutuwarta, ni kuma na fi shi, na hana. Kin ce ramuwa ce. Wataƙila akwai ta a ciki, ban musa ba. Amma ƙanzon nan ban manta ba. Ita kaɗai ta taɓa tambayata ko na ƙoshi. Ban san ita nake ɗaurewa ba.

Da na yanke igiyar, sawunta ya fito a jikin baƙin itacen, layi-layi a jere. Kin ga irinsu, ba sai na faɗa miki ba.

A cinyata ya yi tafiyar. A jirgin ƙasa ya gusa, a jirgin ruwan Aomori ya gusa har sau biyu, wata mata da ke kusa da ni ta ce, "Malam, agogo ne a ƙunshin nan?" Na ce eh. Duk motsi ɗaya sai in ce yanzu wani abu ya tafi, kuma ni ba abin da zan yi sai in roƙi jirgi ya yi sauri. Ni da ban taɓa roƙon kowa ba tun ranar da na durƙusa wa mahaifinki.

Abin da ba ki gani ba shi ne lokacin da kika fita dafa mini shayi. Ta buɗe idon da ya rage ta dube ni, ta ce, "Mai gaggawa. Yau kai ne ka makara."

Na ce, "Inna, ki yafe mini."

Ta ce, "Ka rame. Ba ka da mai dafa maka ne har yanzu? Miƙo."

Na ɗora mata a ƙirji. Saura marfi kawai. Ban taɓa ba, ita ma yatsa ɗaya ta aza, ya zame kamar an shafa masa mai. Na ɗauko ƙunshin audugar na sa mata a tafin hannu, na naɗe yatsunta a kai. Ta ce, "Ka gani? Tsohon bai yi ƙarya ba." Sai ta dubi ƙofa, ba wadda kika fita ta ita ba, ta ɗakin da ba kowa, ta ce da muryar mai yi wa ƙaramin yaro faɗa, "Kai, wa ya bar ka ka fito ba takalmi?" Da kika shigo da shayin, kin ga sauran.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Ranar da zan taho kin ba ni akwatin, kika ce ya koma garinsu. Kika kuma ba ni ɗan ƙunshin takarda da kika samu a cikin kayanta, kika ce cibiyata ce, uwata ta bar ta a wurin Inna, ita kuwa ba ta sami akwatin gawa ba balle a sa mata a hannu. Na karɓa na ce to, kamar an ba ni ashana. A jirgi na rasa inda zan sa. Aljihu zai murƙushe ta. Ga akwati a buɗe a cinyata, babu komai ciki. Na sa ta ciki don kawai ta huta kafin mu isa.

Kin taso a gidan sana'ar nan, kin san ba ma barin akwati a buɗe, itacen karkacewa yake yi. Duk wanda aka buɗe a shago, kafin a ajiye an mayar. Na yi haka sau dubu nawa, ban sani ba. Ina kallon ƙanƙara ta taga, ina tunanin fuskar Inna, hannuwana suna abin da suka saba. Ban farga ba sai da na ji ƙas na ƙarshe. Akwatin da ya ƙi komawa baya ko da ƙarfi, ya koma mini kamar ruwa.

Mahaifinki ya faɗa tun ina yaro. Hannun ya cika gaggawa.

Na ga yadda kowane gefe ya tafi, na san hanyarsa kamar hanyar gidana. Na gwada. Babu mai sassauci. Kuma akwai ɗumi, ko da safe da sanyin nan, kafin in taɓa shi.

Kamezo ya ce, "Sa zarto, Maigida. Taka ce ai, ba mai tuhumarka."

Na ce, "In ta zama gari fa?"

Ya dubi akwatin daga nesa. Can ya ce, "To aƙalla ka daina shan taba."

Na ɗora shi a kan kanta inda nake ganinsa in ina aiki. Ba na jin tsoro, kada ki ɗauka haka. Igiyar kuwa na ƙone ta, kuma na gaya wa Kamezo ko na roƙe shi kada ya miƙo mini wata.

Ikuyo, na sha faɗa cewa ni na yi kaina, ba na bukatar dangi. Ba ni da mata, ba ni da ɗa. Ke kaɗai kika rage. Ranar da aka aiko miki, ki zo. Ba sai kin nemi mai buɗewa ba, a buɗe za ki same shi. Ki sa mini a hannun dama, ki naɗe yatsun sosai. Uwata tana ƙarƙashin dutse tun ina shan nono, ba ta san fuskar nan ba, ga furfura ga kunne ɗaya. In ba da wannan ba, da me za ta gane ni?

Ki gaishe da maigidanki.

Yayanki,
Rinzo

Na riga na rufe takardar na sake buɗewa. Ɗazu bayan cin abincin rana Kamezo ya tsaya daga nesa ya ce wai gefen dama ya gusa, kamar kaurin gashi. Idon Kamezo ya daɗe da lalacewa, kowa ya sani. Lafiyata ƙalau. Duk da haka, baƙar rigar makokinki, kada ki kai ta can ƙasan adaka.